Gidan gado a gaɓar tafkin Kainji: yaya za mu tallata shi, kuma wa zai saya?

Ɗan Gungu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje da filaye, musamman mutanen ƙasar Yawuri da na Borgu, a kan wani al'amari da ya hana ni da 'yan'uwana sakat tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa.

Marigayin ya bar mana gida a wani ƙauye da ke gaɓar tafkin Kainji ta ɓangaren gabas, tsakanin Yelwa da Wara. Asalin iyayenmu mutanen gungu ne. Lokacin da aka datse kogin Kwara a 1968 ruwa ya cinye tsibirinsu, aka kwashe su aka zaunar da su a tudu, aka ba kakanmu ɗaya daga cikin gidajen nan na bulo masu lanƙwasasshen rufi da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tayar. Mahaifinmu ya yi ta ƙari a kansa har ya zama ɗakuna shida da zaure, da rijiya a tsakar gida, da rumbunan albasa guda biyu, da bishiyoyin mangwaro uku a baya. Daga katangar baya kuma akwai wani fili da ya gangara zuwa ruwa, wanda tun muna yara muke shuka a cikinsa idan tafki ya janye.

Mu bakwai ne 'ya'yan marigayin, maza huɗu mata uku, sai kuma matar da ya bari, wadda za ta koma wurin ɗanta. Babu wanda ke zaune a ƙauyen a cikinmu, ni kaina shekarata goma sha tara a Kaduna, kuma gidan da ba a kwana a cikinsa gara da jemage ne ke gadonsa. Saboda haka muka yi shawarar a sayar a raba kowa ya ɗauki haƙƙinsa.

Na tuntuɓi wani dillali a nan Kaduna, ya ce in bar masa komai. Shawararsa ita ce a jira watan Disamba lokacin da tafki ya cika ya batse, a ɗauki hotuna da yamma rana na faɗawa cikin ruwa, a sa a Facebook da WhatsApp da sunan gidan hutu na bakin ruwa, a nemi manyan mutane na Abuja da Kaduna masu son wurin shaƙatawa. Ya ce a haɗa filin da ke gangara zuwa ruwa cikin awon gidan don ya ƙara girma a ido, kuma kada a ta da zancen sauro ko na hanya sai idan mai saye ya tambaya da bakinsa. Ya nemi la'adar kashi biyar cikin ɗari.

Gaskiya zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma kuma ba na son in jawo wa ƙannena mata asara saboda tsantseni na kaina, domin biyu daga cikinsu suna cikin buƙata. Ina so in ji daga waɗanda suka sani: shin da gaske akwai mai sayen gida a ƙauyen bakin tafki don hutu kawai? Idan babu, wa ya kamata mu nufa da tallarmu, kuma ta wace hanya? Sannan mene ne wajibi mu bayyana, kuma waɗanne takardu za mu tanada, tunda abin da ke hannunmu bai wuce wata tsohuwar takarda mai hatimin dagaci ba?

Mai Banda ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinku, Ya sa ya huta. Ƙanena, na fi shekara talatin ina sayen bandar kifi a Yelwa da Malale da ƙauyukan da ke tsakaninsu ina kaiwa kudu, don haka bari in fara da abin da dillalinka bai sani ba, wato ruwan kansa.

Tafkin Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa biyu ke shigarsa a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, wanda ke zuwa da laka da ɗanyen itace daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai ya iso mana garau cikin hunturu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama a ƙasarmu. Shi ya sa tafkin ke cika maƙil a lokacin sanyi, sannan ya yi ta sauka cikin bazara yayin da injinan wuta ke jan sa, har ya kai ƙarshen ƙasa a tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da saukarsa ana samun kusan mita 10 a tsaye, kuma a inda gaɓa take shimfiɗe wannan na nufin ruwa zai yi nisa da kai ƙwarai. Wanda ya ga hoton Disamba, ruwa na lasar gindin mangwaronku, idan ya zo a watan Yuli abin da zai tarar shi ne taɓo da burtalin shanu da kututturan itatuwan da ruwa ya kashe tun zamanin kakanka, ga jirage can nesa an ja su kan yashi. A ranar zai kira ka mayaudari, kuma ba dillalin zai nema ba, kai zai nema.

Maganar masu kuɗin birni kuwa, ban ce babu ko ɗaya ba, amma a tsawon zamana a wannan yanki ban taɓa ganin baƙon da ba shi da dangi ko sana'a a nan ya sayi gidan ƙauye don kallon ruwa ba. Mu ba mu ɗauki bakin ruwa wurin hutu ba, wurin nema muka ɗauke shi. Wanda zai cire kuɗi ya sayi gidanku mutum ne da ruwan ke ciyar da shi: ɗan kasuwar albasa, ko mai sayen kifi irina, ko mai jirgin inji da ke son wurin ajiye mai da kayan gyara, ko Basarke, wato masunci, da ya gaji da zaman bukka a sansanin kamun kifi yana son iyalinsa su zauna kusa da makaranta.

Ka ambaci rumbunan albasa biyu a tsakiyar zance kamar ba komai ba, alhali a wurina su ne idon gidan. Albasar Yawuri sananniya ce har kudu, kuma ribarta ba a gona take ba, a ajiya take. Ana cire ta a ƙarshen rani kasuwa ta cika farashi ya faɗi, wanda ke da rumbu mai shan iska da ba ya yoyo shi ne zai riƙe tasa har ta yi tsada. Ɗan albasa idan ya shigo gidanku ba zai kalli faɗuwar rana ba. Zai duba ko rumbun a ɗage yake daga ƙasa, zai shinshina ya ji ko akwai warin ruɓa, zai tambaye ka ko babbar mota na iya zuwa ƙofar gida a watan Agusta ko sai an yi dako da amalanke zuwa bakin titi. Mai kifi kuma zai auna tazarar gidan da tashar jirgi, ya duba ko akwai filin da zai kafa banda hayaƙi bai dami maƙwabta ba, da inda zai shanya warangi, ƙananan kifin nan, ba tare da yashi ya shiga ba, domin warangi mai yashi rabin kuɗi ake sayensa.

Saboda haka shawarata ita ce ka sauko da tallar daga waya ka kai ta inda masu sayen suke. Ka je da kanka, ka fara gaida dagaci ka sanar da shi, domin duk cinikin da ya ji a bakin wani ba zai yi albarka ba. Ka gaya wa Sarkin Ruwa, ka gaya wa shugaban 'yan albasa da na 'yan kifi a kasuwar Yelwa, ka bar magana wurin limamin Juma'a. Kafin kasuwa biyu ta ci, duk wanda ke da niyya ya ji. Kuma kafin duk waɗannan, ka tuntuɓi maƙwabcin da kuke katanga ɗaya, domin ko bai saya ba zai riƙe maka wannan girmamawar, kuma shi ne zai zama shaidar iyaka gobe.

Abu ɗaya zan gaya maka don kada ka sa rai fiye da kima. Kifi ya ragu a tafkin nan idan aka kwatanta da lokacin da na fara. Giwan ruwan da mutum biyu ke ɗauka ya zama abin labari, yanzu karfasa da kurungu da warangi ne ke riƙe da kasuwa, kuma kuɗin da ke hannun masunta ya bi kifin. Mai sayenku zai iya neman ya biya kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan an sayar da albasa. Idan mutumin kirki ne kuma an rubuta a gaban shaidu, kada ku ƙi.

Tsohon Ma'aikacin Filaye ya rubuta:

Allah Ya jiƙan mahaifi. Alhaji Mai Banda ya gama magana a kan kasuwa, ni zan tsaya a kan takarda da iyaka, domin a shekarun da na yi ina aikin filaye na ga yadda ciniki mai kyau ke komawa shari'ar shekara goma saboda abin da aka raina a ranar farko.

Da farko, Malam, ku sani cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ƙasar kuke sayarwa ba, haƙƙin zama a kanta da ginin da ke bisanta kuke miƙawa. Dokar ta raba filaye gida biyu. Wanda ke cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, kuma miƙa shi ga wani sai da amincewarsa. Wanda ke karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya a kansa, kuma ita ce ke amincewa da sauya hannu. Tunda gidanku a ƙauye yake, sashen filaye na ƙaramar hukumarku ne wurin zuwa na farko. Takardar dagacin da ke hannunku kada ku raina ta, hujja ce ta daɗewar zama, amma ita kaɗai ba za ta gamsar da mai sayen da ya san abin da yake yi ba. Ku ɗauko mai awo ya auna gidan, ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta da mai unguwa, ya fitar da taswira.

Na biyu shi ne filin da ke gangara zuwa ruwa, kuma a nan ne shawarar dillalin ta fi haɗari. Ƙasar da tafki ke rufewa ya buɗe kowace shekara tana cikin faɗin tafkin ne. Galibin irin waɗannan wurare an karɓe su tun lokacin gina madatsar, shi ya sa ma aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni, har da garin Bussa gaba ɗaya. Noman da iyayenku ke yi a wurin al'ada ce da kowa ya sani kuma ba wanda ya hana, amma al'adar noma daban, mallakar da za a sayar a yi gini a kai daban. Bayan haka, dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta 1997 ta sa mita 100 daga gaɓar hanyoyin ruwa na tarayya ƙarƙashin kulawar hukumar, kuma Kwara na cikinsu. Idan kuka cusa wannan fili cikin awon gida, kun sayar wa mutum abin da ba ku da ikon sayarwa, kuma ranar da ya zuba harsashi ruwan Disamba zai zo ya zauna a kai. Abin da ya dace shi ne a rubuta a fili cewa gidan ya tsaya a katangar baya, sannan a faɗa wa mai saye da baki, a gaban dagaci, cewa iyalin gidan nan ne suka saba noma gangaren, kuma ci gaba da hakan yana hannun al'adar gari.

Na uku, gado. Kun ce ku bakwai ne da matar marigayi. Tana da tumuninta a cikin gidan nan, kuma ba a sayar da shi a bayan idonta don kawai za ta koma wurin ɗanta. Ku je kotun shari'ar Musulunci ko wurin malamin da kuka amince da shi a fitar da rabon kowa a rubuce, sannan duk magada su sa hannu a kan wanda suka wakilta ya yi ciniki. Ina jaddada mata musamman, domin na sha ganin an sayar da gida da yawun maza, bayan shekaru ɗan wata daga cikin matan ya girma ya ta da magana, kuma gaskiya na gefensa. Ku tuna kuma da shufa'a: muddin ba a raba gidan ba, idan wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓa a kan wannan farashi. Tun yanzu ku tambayi junanku ko akwai mai so a cikinku, kafin magana ta fita waje.

Game da abin da za a bayyana, shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Aibin da mai sayarwa ya sani, wanda zai rage kuɗin kaya ko ya sa mai saye ya fasa, wajibi ne a faɗe shi ko ba a tambaya ba, kuma idan aka ɓoye mai saye na da zaɓin mayarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ya faɗi haka ne a kan mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama. Hoton Disamba ba tare da na Yuli ba bai yi nisa da wannan ba. Idan ruwa ya taɓa shiga gidan a shekarun manyan ambaliya, kamar 2012 ko 2020, ku faɗa, ku nuna inda ya tsaya a bango. Haka kuma tsohon rufin nan mai lanƙwasa na asbestos ne. Muddin bai fashe ba ana zaune da shi, amma duk wanda zai rushe ko ya huda shi ya kamata ya san ƙurarsa na cutar da huhu, don haka ku gaya masa.

Matashin Dillali ya rubuta:

Ina neman afuwar iyayena da suka yi magana, amma ina ganin an ɗan yi wa waya rashin adalci. Laifin ba na Facebook ba ne, na abin da aka sa a ciki ne. 'Yan ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga da ke aiki a Sakkwato da Minna da Legas suna da zaurukansu na WhatsApp, kuma da yawansu idan ritaya ta matso gida suke nema a ƙasarsu. Waɗannan ba sa cin kasuwar Yelwa balle su ji a bakin shugaban 'yan albasa, amma sun san ruwan, ba wanda zai ruɗe su da faɗuwar rana. Malam Ɗan Gungu ya ɗauki hoto biyu daga wuri ɗaya, ɗaya ruwa a cike ɗaya a janye, ya ɗauki bidiyon hanya daga bakin titi har ƙofar gida ba tare da yankewa ba, ya rubuta adadin ɗakuna da zurfin rijiya da ko tana ƙafewa, da layin wayar da ke kamawa a tsakar gida. Talla irin wannan tana rage masu kira, amma wanda ya kira da gaske yake.

Malamar Asibiti ta rubuta:

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙurin rashi. Ni ba 'yar yankin ba ce, aiki ne ya kai ni wani ƙaramin asibiti a gaɓar tafkin, na yi shekara takwas a can tare da 'ya'yana, don haka zan faɗi abin da baƙo ke tararwa, domin idan mai sayenku zai zauna da iyali waɗannan ne tambayoyin da matarsa za ta yi, ko da shi bai yi ba.

Zan fara da alherin wurin, saboda ban so a karanta wannan zance a ɗauka zaman bakin tafki wahala ce zalla. Ban taɓa cin abinci mai kyau da araha kamar a shekarun nan ba. Da hantsi yara ke shigowa da karfasa tana motsi a cikin kwano, shinkafa ta gida ce, albasa da tumatir daga gangaren bayan gida, madara daga rugar da ke sauka idan ruwa ya janye. A tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da mutanen gari ke kwana a waje suna fifita, iskar da ke tasowa daga ruwa bayan isha'i takan sa mu jawo mayafi. Mutanen kuma suna da riƙon baƙo. Ranar da na sauka, kafin in kwance kaya maƙwabciyata ta aiko da tuwo da miyar kifi, kuma har na bar garin ba ta daina kirana ƙanwarta ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya halatta a faɗe shi a talla.

Amma abin da na fi gani a asibiti shi ne zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Sauro a bakin tafki ba ya bin damina kaɗai, domin idan ruwa ya janye yakan bar kududdufai, ga kainuwa da ciyawa a gaɓa. Gidan da ba shi da raga a tagogi, sai an sa kuɗin wannan a lissafi. Tsargiya kuwa na ga iyaye da yawa da suka ɗauki fitsarin jini a wurin yaro namiji kamar alamar girma ce, alhali cuta ce da ake ɗauka daga ruwan da katantanwa ke ciki, ta huda fata lokacin wanka ko wanki ko kamun kifi, kuma idan aka bar ta tana lalata mafitsara. Maganinta sananne ne, ana ma raba shi a makarantu, amma yaron da ya koma ruwa zai sake ɗauka. Shi ya sa rijiyar tsakar gidanku ta fi kusancin tafki daraja a wurin uwa. Idan ba ta ƙafewa da rani, ku sa wannan a layin farko na tallarku.

Sai maganar jirgi. Rayuwar yankin a kan ruwa take, kasuwa da biki da ta'aziyya duk da jirgi ake zuwa. Ba zan manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko mutane fiye da ƙima daga ɓangaren jihar Neja ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawan gaske suka rasu, galibinsu masu neman abinci. Ƙarƙashin ruwan akwai kututturan itatuwa da ba a gani sai jirgi ya hau kansu, musamman idan tafki ya sauka. Wanda zai zauna a can ya sayi rigar ruwa ga kowane ɗan gidansa, ya ƙi shiga jirgin da ya cika, ya ƙi tafiyar dare. A wasu wurare kuma akwai dorina, kuma masunta sun san inda take. Baƙo ya tambaya kafin ya bar yara su gangara.

Wuta ba a dogara da ita, duk da cewa madatsar da ke ba ƙasa lantarki tana ƙarshen wannan ruwan ne, kuma wannan abu yana ci wa mutanen yankin rai, da gaskiyarsu. Ni da hasken rana na rayu, faranti biyu da batir ɗaya. Mace mai ciki kuma ta san tun wuri yadda za ta kai babban asibitin Yelwa idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare a watan Agusta, domin nan ne hanya ke zama maganar rai.

Abu na ƙarshe, wanda dillalinku bai ambata ba kuma shi ne farkon abin da ɗan birni zai tambaya, shi ne tsaro. Kowa ya ji labarin ɗaliban da aka sace a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, kuma dazuzzukan gandun Kainji ta ɓangaren Borgu sun daɗe ba lafiya. Ƙauyuka sun bambanta, wani bai taɓa ganin komai ba, wani an tashe shi. Ku faɗi gaskiyar halin da naku yake ciki, ku bar mai saye ya kwana biyu a garin ya tambayi mutane da kansa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na yarda da Alhaji Mai Banda da kuma ƙanena dillali a lokaci guda: mai sayenku ɗan ƙasa ne, ko yana zaune a can ko yana shirin komawa.

Ina da roƙo ɗaya, Malam. Kafin ku sayar, ku tambayi matar mahaifinku ita kaɗai, ba a gaban taro ba, ko da gaske tana son tashi. Na ga tsofaffin da aka kai birni wurin 'ya'yansu da kyakkyawar niyya, suka rasa abokan hira da ƙamshin ruwan da suka saba, ba su daɗe ba.

Ɗan Gungu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yayanmu duk abin da kuka rubuta ta waya, muka yi kusan awa biyu muna magana.

Hajiya, maganarki ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa mu, domin babu wanda ya tambayi Inna a cikinmu, mun yanke mata ne kawai. Ƙanwata ta kira ta jiya, sai ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce ita dai duk abin da muka ga ya dace, amma wa zai riƙa share kabarin Malam. Mun fahimci amsar. Yanzu abin da muke dubawa shi ne a yanke mata ɗakinta da madafa da ƙofa ta gefe a matsayin tumuninta, a sayar da sauran, idan mai awo ya ce hakan zai yiwu ba tare da an toshe hanyar rumbuna ba. Mun san wannan zai rage kuɗin, kuma ƙannena matan da na ji tsoron jawo wa asara su ne suka fara amincewa.

Na sallami dillalin Kaduna cikin mutunci. Game da ambaliya, ruwa bai taɓa shiga ɗaki ba, amma a 2020 ya zo har gindin mangwaro na ƙarshe ya kwana tara, kuma zan rubuta haka. Rijiyar ba ta ƙafewa, sai dai takan yi ƙasa sosai a watan Mayu har sai an ƙara igiya.

Zan tafi gida ƙarshen wannan wata in fara da dagaci da maƙwabcinmu na katanga, sannan in wuce ƙaramar hukuma. Hoton ruwa a janye zan ɗauka yanzu daga kan katangar baya, na cike kuma sai Disamba daga wuri ɗaya, don haka tallar waya za ta jira har lokacin. Alhaji Mai Banda, idan Allah Ya sa kana Yelwa a makon, zan so ka zo ka duba rumbunan nan da idonka ka gaya mini ko sai an sake musu jinka kafin a nuna wa kowa.